Ɗora Wa Kwamfuta Manhaja Bai Kamata Ya Zama Sirrin Masu Gyara Ba

A wannan makon zan ɗan ajiye maganar taki da farashin shinkafa da muka saba tattaunawa, in ɗauko wata magana da a ido za ta yi kama da ta masu shagon gyara, alhali kuwa ta shafi ɗalibi da malamin makaranta da duk wani sakataren ƙungiya da ke riƙe da amanar jama'a a cikin kwamfuta. Maganar ita ce ta yadda ake ɗora wa kwamfuta uwar manhaja, wato babbar manhajar nan irin su Windows da Linux, wadda idan babu ita na'urar ba ta da bambanci da faranti.

A ƙarshen noman ranin da ya gabata, sakataren wata ƙungiyar manoma a yankinmu na Kura, wanda maƙwabcina ne, ya kawo mini kwamfutar ƙungiyarsu. Ta tafi-da-gidanka ce, ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan masu su sun more. A cikinta akwai sunayen membobi, da girman filin kowa, da lissafin wanda ya biya kuɗin ruwa da wanda ake bi, na shekara uku. Ta kwaso cuta daga wani filashi da aka kai shagon buga takardu, ta yi nauyi har mutum kan kunna ta ya je ya sha shayi ya dawo ba ta gama tashi ba. Ni ba gwani ba ne a wannan fage, don haka na miƙa ta ga ɗan ƙanwata, yaro mai kaifin basira da ya gama sakandare yana jiran jami'a. Ya ce abin da take buƙata shi ne a sake mata manhaja, irin abin da masu gyara ke kira fomatin. Na ce ya yi. Ban ce masa ya fara kwashe abin da ke ciki ba, domin ni kaina ban san akwai buƙatar hakan ba.

Kwana uku yaron ya yi yana fama. Daren farko ya ƙare a kan sauko da manhajar daga intanet, sabis yana yankewa yana sake farawa. Kwana na biyu ya tafi a kan filashin da ya ƙi tayar da kwamfutar. A rana ta uku ya isa wani shafi da ya jera masa sassan rumbun ajiyar na'urar, kowane sashe da lamba da girma, babu abin da ke nuna me ke cikinsa. Mutumin da yake kallo a bidiyon koyarwa ya ce a share su duka domin a samu aiki mai tsabta, sai ya share. Da yamma ya zo mini da murna yana cewa, "Kawu, ta tashi, har gudu take yi." Ba a yi rabin sa'a ba ya dawo jiki a sanyaye: "Kawu, takardun ƙungiyar fa ban gan su ba."

Wani mai gyara a cikin birnin Kano ya ceto mana wani kaso, fayiloli babu suna babu tsari. Sauran kuwa sai da sakatare ya yi makonni yana bin guntayen rasit da tsohon littafin rajista. Manoma biyu sun dage sun biya, babu shaidar da ta rage, aka yi ta kai ruwa rana har sai da dattawa suka shiga tsakani. Mutumin da bai ci ko kwabo ba ya wayi gari ana yi masa kallon zargi. Rabona na laifi na ɗauka, na kuma ba shi haƙuri. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: yaron da ya ci lissafi da kimiyya a jarrabawa, yaya aka yi aikin da ake cewa mai sauƙi ne ya kayar da shi?

Da na zauna da shi muka ƙirga matakan da ya bi, sai na ga amsar. Da farko dole mutum ya san inda zai samo manhajar ta asali, domin intanet cike yake da gurɓatattu. Girman ta Windows 11 ya haura gigabait 5, ta Ubuntu ta shekarar 2024 ma kusan 6 ce, ke nan kuɗin data na mako da makonni ga ɗalibi. Sannan ya nemi filashi mai aƙalla gigabait 8, ya yi fatan ba na jabu ba ne, irin wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Sannan ya san cewa kwafa fayil ɗin kawai cikin filashi ba ya wadatarwa, sai an yi amfani da wata ƙaramar manhaja ta mayar da shi filashin tayarwa. Ita kuma za ta tambaye shi tsarin rabon rumbu, MBR ko GPT, da tsarin tashin na'ura, tsohon BIOS ko sabon UEFI, kuma idan zaɓinsa bai dace da kwamfutarsa ba, filashin ba zai tashi ba, ba kuma za a gaya masa dalili ba. Bayan haka sai neman maɓallin da zai danna a daidai lokacin kunnawa domin kwamfutar ta karanta filashin: a HP galibi F9 ne, a Dell da Lenovo F12, a wasu kuma Esc, kuma damar dannawar ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku. Duk wannan kafin a zo shafin rabon rumbu, inda danni ɗaya ke share aikin shekaru. A kowane mataki Turanci ake yi da shi, kuma ba Turancin aji ba, na injiniyoyi.

Abin da na fahimta shi ne, waɗanda suka tsara wannan hanya suna da wani mutum a ransu lokacin da suke tsarawa. Mutumin nan yana da wutar da ba ta ɗaukewa, yana da intanet marar iyaka a gida, yana da kwamfuta ta biyu da zai haɗa filashi da ita ya kuma nemi amsa idan ta farko ta ƙi tashi, yana da rumbun waje da yake adana kwafin takardunsa. Ku nemo mini wannan mutum tsakanin Kura da Bunkure da Garun Malam. A wurinmu kwamfuta ɗaya ce tilo a gida ko a ofis, batirinta ya riga ya gaji tun a ƙasar da ta fito, wayar hannu ce intanet, kuma duk abin da ke cikin rumbun shi ne asali shi ne kwafi.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin muhimmancin mataki na ƙarshe. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka tsara Aikin Noman Rani na Kogin Kano domin hekta 22,000 a zangon farko. Ruwa kan taso daga Tiga ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babbar magudana, ya rabu cikin rassa, ba tare da injin turawa ba, gangara ce kawai ke tafiyar da shi. Ilimin da ke cikin wannan aiki na injiniyoyi ne. Amma a bakin gona, abin da aka bar wa manomi ɗan bututu ne lanƙwasasshe, ya cika shi da ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi a kan gaɓar magudana, ruwa ya kama zuba. Yaro ɗan shekara goma yana koyon wannan a wuni guda, kuma idan ya yi kuskure, iyakacinsa ya sake cikawa. Da a ce sai manomi ya iya lissafin gangara kafin ya shayar da fadamarsa, da Kadawa ba ta zama Kadawa ba. Irin wannan bututu nake nema wa mai koyon kwamfuta.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda wani dalili. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Akwai ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga masu amfanin gida da suka yi rajista, amma shi ma Oktoban 2026 ne iyakarsa. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: sai na'ura mai guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi sai ƙwaƙwalwa zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017. Duk wanda ya leƙa shagunan kwamfutocin hannu a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano ya san da yawa daga abin da talaka ke iya saya ya girmi wannan. Na'urorin lafiyarsu ƙalau, suna rubutu, suna lissafi, suna buɗe intanet. Mai irin wannan na'ura zai zauna da tsohuwar manhaja marar kariya, ko ya sayi sabuwa da kuɗin da ba shi da shi, ko kuma ya koyi ɗora wata manhajar. A daidai wannan lokaci ne kuma ilimi ke ƙaura zuwa kan allo: tun 2015 hukumar JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara a 2024 da masu rubutawa daga waje. Makarantar da ke da kwamfutoci goma, huɗu suna kwance a lulluɓe da ƙura don kawai manhajarsu ta lalace, ɗalibanta ne za su biya farashin a ɗakin jarrabawa.

Tarihi ya nuna cewa sauƙaƙawa abu ne mai yiwuwa idan an sa niyya. Lokacin da Ubuntu ta fito a 2004, masu ita sun gane cewa intanet na hana mutane samunta, sai suka riƙa aika faifanta ta gidan waya kyauta zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011. A 2006 suka haɗa faifan gwaji da na ɗorawa wuri guda, mutum ya kunna manhajar daga faifai, ya ga ko ta yi masa, kafin ya taɓa rumbunsa. A 2011 wani mai suna Pete Batard ya fitar da Rufus, ƙaramar manhajar kyauta da yawancin masu gyaranmu ke haɗa filashin tayarwa da ita a yau. A 2020 Ventoy ta fito, wadda sau ɗaya ake shirya filashi da ita, daga nan sai dai a riƙa zuba fayilolin manhaja kamar yadda ake zuba waƙoƙi, kwamfuta ta tashi ta nuna jerinsu a zaɓa. A shekarar dai masu ƙera ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi suka fitar da tasu, wadda ta taƙaita aikin zuwa zaɓen manhaja, zaɓen katin ajiya, da danna rubutawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya cire tambaya ɗaya ko biyu da bai kamata tun farko a yi wa mai koyo ba.

Saura da yawa, kuma ga abin da nake ganin ya rage a wuyan masu ƙera manhaja, manya da ƙanana. Shafin rabon rumbu shi ne ramin da ya fi cin mutane. Kwamfuta ta san abin da ke cikin kowane sashe; me zai hana ta ce wa mutum a nan akwai takardu kaza da hotuna kaza, ga sunayen wasu daga ciki, ta kuma miƙa masa zaɓin kwashe su zuwa filashi kafin sharewa? Gargaɗin da ake nunawa yanzu iri ɗaya ne ko sashen fanko ne ko cike yake, shi ya sa ido ke wuce shi. Na biyu, tambayar da na'ura za ta iya amsa wa kanta, kamar ta GPT da MBR, a daina jefa ta ga ɗan Adam. Na uku, a bar ƙofa ga wanda ba shi da intanet a lokacin ɗorawa. Sharaɗin sai an haɗa da intanet an shiga asusu kafin a kammala, kamar yadda Windows 11 ke nema, nauyi ne a inda sabis ke zuwa yana tafiya. Na huɗu, a tuna cewa a nan waya ce ke hannun kowa. Akwai wata manhajar Android mai suna EtchDroid da ke haɗa filashin Linux daga waya, wanda ke nuna hanyar a buɗe take. Ya kamata manyan kamfanoni su mayar da hakan hanyar hukuma.

Sai kuma harshe. A zamanin Windows 7 akwai kunshin Hausa na Microsoft, amma ɗora shi ake yi a kan Turanci bayan an gama aikin, wato Hausar tana isowa bayan an wuce wurin haɗari. An taɓa yin yunƙurin gida ma, Wazobia Linux, mai Hausa da Yarbanci da Ibo, sai dai bai yi nisa ba. A nan ba sai mun jira kowa ba, domin manhajojin Linux irin su Debian da Ubuntu a buɗe suke ga masu fassara na sa-kai. Shafukan ɗorawa ba kundi ba ne, 'yan ɗaruruwan jimloli ne. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da fassara, tana kuma da tsangayar kwamfuta. Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil tana da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke neman aikin kammala digiri kowace shekara. Aikin da ya fitar da shafin ɗorawa cikin Hausa mai kyau, aka gwada shi a kan ɗaliban sakandare a Bunkure aka ga inda suke tuntuɓe, ya fi amfani a kan kundin da zai kwanta a kanta. Cibiyoyi irin su CITAD a Kano da hukumar NITDA suna da hanyar haɗa waɗannan hannuwa.

Na san akwai masu ja. Wani abokina mai gyara ya ce mini, cikin raha amma da gaske, ina so in kashe musu kasuwa. Ban yarda ba. Yawan masu tuƙi bai taɓa rage wa bakanike ciniki ba. Kwamfutar da mai ita ya iya raya ta za ta daɗe tana aiki, za ta buƙaci batiri da allo da caja da sabon rumbu, kuma wurin mai gyara za a zo. Wadda aka jefar a lungu ba ta kawo wa kowa sisi. Wasu kuma na cewa sauƙin zai sa jahilai su yi ɓarna. Ɓarnar da aka yi a gidana wahala ce ta jawo ta: yaro ya gaji, ya ruɗe, ya miƙa wuya ga baƙon da ke cikin bidiyo. Haka kuma ba zan yaudari kowa da cewa Linux maganin komai ba ce. Linux Mint na tashi a kan na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2, kuma LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, amma mai shagon da abincinsa ke kan CorelDraw, ko ɗalibin da manhajar gwajin jarrabawarsa ta Windows ce, dole ya yi lissafi kafin ya sauya.

Kafin waɗancan gyare-gyare su iso, ga abin da na koya da tsada, ina ba ku kyauta. Kada a taɓa sake wa kwamfuta manhaja sai an kwashe takardu zuwa wuri biyu, an kuma buɗe kwafin an tabbatar yana buɗuwa. Idan kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, filashin Linux na gwaji yana iya tayar da ita a kwashe fayiloli ba tare da an share komai ba, matuƙar rumbun ba a kulle yake da mabuɗin sirri ba. Kafin a kai ga filashi ma, a duba cikin saitin Windows, domin tun daga Windows 8 ta 2012 akwai hanyar sabunta manhaja tare da barin takardun mutum. A cika batiri, ko a tanadi janareta ko sola, kafin a fara. Idan kuma aka yi kuskuren share wani sashe, a tsaya nan take a kashe na'urar, kada a ci gaba da ɗorawa, domin abin da aka share sau da yawa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma akwai manhajar kyauta mai suna TestDisk da masu gyara ke dawo da shi da ita. Da mun san wannan ɗaya kawai, da sakatare bai sha zargi ba.

Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin manoma kuma, filashi biyu da aka shirya da Ventoy, aka ajiye a ofis tare da takarda ɗaya mai bayanin matakai da Hausa, ba su kai kuɗin buhun taki ba. Malamin kwamfuta ya ware darasi guda a zango, ya kawo tsohuwar na'urar da babu komai a cikinta, kowane ɗalibi ya share ya ɗora da hannunsa, ya yi kuskurensa a inda kuskure ba ya cutar da kowa. Muna koya wa yara tarihin kwamfuta da sunayen sassanta a kan allo, mu bar su ba su san yadda ake tayar da ita idan ta faɗi ba.

Ɗan ƙanwata dai bai yi zuciya ba. Ya samu wata matacciyar kwamfuta a wurin abokinsa, ya ɗora mata manhaja ya sauke ya fi sau goma, har ya rubuta matakan da Hausa a littafinsa na makaranta. Makon jiya sakatare da kansa ya aiko a kira shi ya duba musu injin buga takarda. Kafin ya taɓa komai sai na ji yana cewa, "Baba, a fara ba ni filashi in kwashe rajistar tukuna." Ita kuwa rajistar yanzu tana wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filashi a aljihun ma'aji, da kuma littafi mai bango, wanda dattawan ƙungiya suka ce ba za su sake yarda a ajiye shi ba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.